Tukunyar Tsamin Inna

Karantina, Jidda, farkon Zulhajji 1384

Asabar, bayan la'asar

Mutumin nan zai haukata ni. Kwana da kwanaki Baban Sauda bai ci abincin kirki ba, bai ce ba shi da lafiya ba, bai kuma ce ga abin da na yi masa ba. Sai ya dawo daga shagonsa na gyaran risho, ya zauna kan benci ya zuba wa bango ido. Na ce, "Waken ful ɗin ne bai yi ba?" Ya ce ya yi. Na ce, "Kafili ne, mai tsaya maka a takardun zama?" Ya ce a'a. To mene ne? "Ba komai, ya Mastura." Ba komai! Shekara ashirin da shida ina jin ba komai ɗinsa, na san wanda yake da komai a ciki.

Abin ya faro ne ranar da wani tsohon alhaji ɗan Yaman ya kai masa fitila gyara. Baban Sauda ya ce mini mutumin garinsu ne, can cikin duwatsu. Ni kuma da saurin baki na ce ai abin murna ne, ka kawo shi ya ci funkaso. Kallon da ya yi mini ya sa na gane wautata. Mutumin garinsu shi ne wanda ya san gidan da aka haife shi.

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake zuba wa takarda. Sauda tana gidan mijinta a Bani Malik, ba ta san komai ba, ba kuma za ta sani ba. Yaya A'i maƙwabciyata kuwa, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma na garwar kananzir da aka fasa aka buga a katako. In na yi atishawa ita ke ce mini yarhamukillah. Maganar da ta shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ta isa wurin ɗibar ruwa.

Lahadi, da hantsi

Ya bar rabin tamis. Shi da ke lashe har takardar da aka naɗo gurasar.

Talata, bayan azahar

Ya yi magana. Da ma bai yi ba.

Tsohon nan ya kira shi da sunansa na yarinta, wanda ba zan rubuta ba. Ya shaida masa yayarsa ta rasu bara. Ita kaɗai ta rage a garin, sauran duk sun tafi tun shekarun baya. Unguwarsu yanzu awaki ne a ciki. Na yi masa gaisuwa, na yi kuka ma, don na san yana da shekara tara aka raba su. Iyayensu sun mutu, alƙali ya ɗauke shi kamar yadda ake yi wa marayun mutanen nan, aka koya masa kalmar shahada, aka sa masa Salihu. Da ya girma ya gangaro bakin teku, har ya faɗo gidanmu neman wurin kwana. Babana, Allah ya jiƙansa, ya san komai kafin ya ba shi ni. Mutanen Annabi Musa yake ce musu. Ya ce wanda ya yi shahada ya yi, halas, kada in ƙara tambaya.

Ina share hawaye sai ya kawo ta biyu. Wai tsohon ya tuna masa cikar watan nan ne mutanensu suke cin busasshiyar gurasa. Wai yana so, sau ɗaya dai a rayuwarsa, ya yi yadda uwarsa take yi. Daga ranar da wata ya cika, kwana takwas, kada wani abu na alkama mai tsami ya kwana a gidan nan.

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Na ce, "Baban Sauda, ka san da me nake sana'a?"

Ya ce ya sani.

Na ce, "Ka san a kwanakin nan ne alhazai suke saukowa daga Mina?"

Ya ce wannan ma ya sani.

Laraba, da asuba

Ban yi barci ba don haushi. Bari in faɗi abin da ke ci mini rai.

Da a ce mutumin nan ya yarda da nasu, da na ce to, tsoron Allah ne ya kama shi ta wata ƙofa. Bai yarda ba! Namu ɗin ma da kyar. Juma'a yana zuwa don idon mutane, ya tsaya a sahun baya kusa da takalma. Da azumi ina jin warin taba a rigarsa tun la'asar, ina yin kamar hancina ya toshe. Nama da nono yana haɗa su ya ci, alhali ya taɓa ce mini uwarsa ko a kwano ɗaya ba ta haɗa su. Na gaya masa duk wannan jiya, ban rage ba.

Ya ce, "Ban ce Allah ya damu da ƙullu ba. Ni ban ma sani ba ko akwai mai damuwa."

Na ce, "A'uzu billahi! Rage murya, ya shekh, bango ne a bayanka. To in ba don Allah ba, don wa?"

Ya ce, "Babu sauran mai share gidan. Saura ni."

Wannan amsa ce? Ni ina zan kai ta?

Shi yana da uwa, ni ba ni da ita ke nan? Tsamin da ke cikin tukunyata, Inna ce ta taho da shi daga Zariya. Ta shanya shi a ƙyalle, ta ratsa da shi har Sudan, ta jiƙa shi ya tashi, ta sake shanyawa ta tsallako teku. Kullum in ɗiba in kwaɓa funkaso, in mayar masa da gari da ruwa. Ko ranar da na haifi Sauda sai da aka ba shi abincinsa. Yaya A'i ta yi shekara goma tana roƙo in sam mata, ina ce mata tsami ba ya son tafiya. Shi ne zan zubar a kwata saboda mutumin da bai san ko akwai mai damuwa ba.

Ranar Salla, da yamma

Sauda da mijinta sun zo. Baban Sauda ya yi ta raha da su, ya gasa musu hanta, ya ɗauki jikansa a wuya. Wanda bai sani ba sai ya ce ya manta. Da suka tafi ya fita tsakar gida ya ɗaga kai yana auna wata.

Laraba, bayan azahar

Motocin farko sun fara dawowa daga Makka. Na je na share wurin sana'ata a ƙofar Madinatul Hujjaj, masaukin alhazai. Kanawa, Sakkwatawa, mutanen Damagaram, duk sun gaji da shinkafa, suna jiran jirgi. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce tun zuwansu take jin labarin funkasona.

Na ce wa Baban Sauda tayyib, na yarda. Ƙarya nake yi. Na cusa tukunyar bayan gangar ruwa, na rufe da buhun gawayi. Kwana takwas zan riƙa ba ta gari a ɓoye, wa zai sani?

Alhamis, bayan magariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi ɓarna da bakina.

Bari in rubuta yadda aka yi. Tun la'asar ya ɗauki tsintsiya. Shekara ashirin da shida ban taɓa ganin tsintsiya a hannunsa ba, ashe ya iya. Ya ɗaga katifa, ya kakkaɓe tabarmi, ya juye aljihunan rigunansa, ɓarɓashin tamis na zuba. Da aka yi magariba ya kunna 'yar fitila yana bin lungu-lungu, yana wani gunaguni a maƙogwaro. Na ce me kake karantawa? Ya ce ba karatu ba ne, kalmomin sun ɓace masa, karin ne kawai ya rage.

Sai ya nufi ganga. Tsamin Inna ba ya ɓoyuwa, ƙamshinsa ke tona shi. Ya ɗaga buhun, ya tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kin ce kin yarda."

Na ce, na ce.

Ya ce, "Kwana takwas na roƙe ki."

Sai abin ya taso mini. Na ce kai ba ka san addu'ar ba, ba ka san ranar ba sai ka leƙa sama kamar mai neman watan azumi, ba ka yarda da ko ɗaya ba. Na ce shekara da shekaru kana cin funkasona ba ka shaƙe ba. Na ce, da ƙarfi na faɗa, "Sai yau ka tuna kai Bayahude ne?"

Yaya A'i tana daka a ɗaya gefen. Taɓaryar ta tsaya.

Mu biyu muka tsaya muna kallon bango. Fitila na hannunsa. Ba a ci gaba da dakan ba.

Ban san me ya hau kaina ba, na sungumi tukunyar na buɗe ƙofa na dire ta a lungu, na ce ga shi nan, gidanka ya tsarkaka. Na rufo ƙofa. Na yi niyyar in an jima in ɗauko, zuciya ta hana ni.

Juma'a, da asuba

Babu tukunya. Ko fasasshen kasko babu, balle in ce awaki ne.

Juma'a, da hantsi

Yaya A'i ba ta ce mini ina kwana ta bango ba. Tun da muka tare a nan ba a taɓa yin haka ba, ko ranar da muka yi faɗa kan igiyar shanya.

Mijinta Othman kullum da yamma yana shan shayi a ƙofar umda, mai unguwarmu. Iƙamar Baban Sauda kuma, takardarsa ta izinin zama, a Muharram za a sabunta ta. Kalma ɗaya ta isa kunnen kafili, shi ke nan. In aka ce ya fita, ina za shi? Garin da awaki suka gaje? Sauda kuma da wane ido za ta dubi dangin mijinta? Duk ni na jawo, na sani. Amma shi ya fara.

Juma'a, bayan isha'i

Ya kwaɓa gari da ruwa da kansa, yana sauri kamar ana binsa, ya gasa a kaskona. Rabi ya ƙone, rabi ɗanye. Ya dafa ƙwai. Ya ce ko akwai ganye mai ɗaci? Na miƙa masa busasshiyar shuwakar da wata alhajiya ta ba ni tsaraba. Ya shimfiɗa tabarma a ɗaka ya zauna, ya jera su a faranti, ya zuba musu ido.

Na ce, "To a yi mana, tunda an kashe mini tukunya."

Ya ce a nan ne ƙaramin yaron gida yake tambaya, me ya sa daren nan ya bambanta da sauran. Ya ce shi ne ƙarami a gidansu, shi ke tambayar. Tambayar ya iya. Kafin ya kai koyon amsar aka ɗauke shi.

Wallahi haushinsa nake ji, amma na kasa tashi. Na zauna na ce, "To, me ya sa?"

Ya ce, "Abin da na riƙe shi ne, mun fita da gaggawa, ƙullu bai samu tashi ba."

Na ce, "Kun fita daga ina?"

Ya ce, "Daga Masar."

Na ce, "Kai da ko Yanbu ba ka taɓa zuwa ba?"

Ya yi dariya har da tari, ya toshe baki saboda bango. Ya gutsura mini gurasar. Kwali ya fi ta daɗi. Na ci.

Asabar, da hantsi

Ƙamshin funkaso. Daga gidan Yaya A'i.

Matar da ƙosai kawai ta iya! Kuma ba kowane funkaso ba, na san ƙamshin nan kamar yadda na san muryar Inna.

Lahadi, bayan la'asar

Bashira mai sayar da goro ta leƙo ta ce sannu da jiki. Na ce wane jiki? Ta ce ai Yaya A'i ce zaune a wurinki ƙofar Madinatul Hujjaj, alhazai sun yi mata layi, ta ce kina kwance.

Ta ɗauki tukunyata, ta ɗauki wurina, ta kwantar da ni. Ni kuma ba ni da bakin magana, don abin da ke hannunta ya fi abin da ta ɗauka. Na ce wa Bashira da sauƙi, na gode.

Na gaya wa Baban Sauda. Ya ce, "Ma'alesh." Ma'alesh, wai ba komai! Na so in jefe shi da gurasarsa, da ta fasa masa kai.

Litinin

Kwali da safe, kwali da dare.

Talata, da azahar

An buga ƙofa da ƙarfi, muryar namiji, Balarabe.  Na ce shi ke nan, daga umda ne. Ashe risho ya kawo, wai shago a rufe. Da ya tafi na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

Shiru har yanzu ta bango. Sai ƙarar mai a kasko.

Laraba, bayan magariba

Ba zan iya da mutumin nan ba. Ni ina cikin tashin hankali, shi kuwa wani haske ya zo masa a fuska. Yana cin kwalinsa yana ba ni labari, ban tambaye shi ba. Wai gidansu akwai itacen rumman. Wai uwarsa ma tana da tsaminta, duk shekara sai ta zubar. Na ce to da me take tada sabo?

Ya ce suna da maƙwabciya Musulma, wata doguwa mai zanen fuska. Ranar ƙarshe, rana na faɗuwa, sai ta ƙwanƙwasa ƙofa da curin tsaminta a ganye. Shi ake turawa ya buɗe, shi yake karɓa da hannu biyu, yana ji da ɗumi. Ya ce wannan ya fi tunawa fiye da fuskar ubansa.

Na juya wajen bango na ɗaga murya na ce, "Can maƙwabta kawowa suke yi. Nan kuwa ɗaukewa suke yi."

Ya riƙe mini hannu ya ce don girman Allah, Mastura. Na ce au, yau kuma ka san girmansa?

Alhamis, da hantsi

Na yi mafarkin Inna tana neman ƙyallenta. Na farka na yi kuka sosai. Ba wurin sana'a nake yi wa ba, a riƙe wurin. Abu ɗaya ta bar mini, na fitar da shi lungu da hannuna.

Juma'a, bayan azahar

Ya tafi masallaci da guntun kwalin a aljihu. Da ya dawo na ce, "Yanzu fisabilillahi kai wane ne? Na can ko na nan?"

Ya ce, "Mai gyaran risho."

Na ce Allah ya shirye ka. Ya ce amin, kuma kamar da gaske.

Ya ce gobe da faɗuwar rana an gama. Na ce an gama me? Kai ka gama. Ni ba tukunya, ba wuri, kuma ban san abin da aka faɗa a ƙofar umda ba.

Asabar, bayan isha'i

Ana kiran magariba aka yi sallama. Muryar Yaya A'i.  Na buɗe, sai ga ta da tukunyata a ka, an rufe da farin ƙyalle. Ta shigo ta tura ƙofa da ƙafa.

Na miƙa hannu. Ta kauce ta ce, "Ba ke ba. Ke da kika jefar da ita ga awaki? Malam Salihu, taso ka karɓa."

Ya taso kamar mai koyon tafiya. Ya sa hannu biyu. Ta ce, "Riƙe da kyau, da ɗuminta, a rana na bar ta." Ya rungume tukunyar a ƙirji ya tsaya a tsakar gida. Hawaye har gemu. Ni tun da na san shi ban taɓa gani ba, ko ranar da Babana ya rasu.

Yaya A'i ta juyo kaina. Ta ce, "Kun ba ni wuya. Kwana nawa ina manne da bango in ji ranar da za a gama, shi ba ya ɗaga murya, ke kuma ba kya ɗagawa sai za ki zage ni."

Na ce, "Yaya, wurina fa?"

Ta ce, "In na bar shi fayau a tsakiyar alhazai, ba tambaya za a yi ba? Na ce zazzaɓi kike yi. Gobe ki fito da ɗan tari."

Na ce, a hankali, "Malam Othman fa?"

Ta ce, "Othman ya san kina zazzaɓi. Umda ma ya ce a gaishe ki." Ta gyara mayafi. "Abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ba ni aka ba ajiya ba, tukunya aka bar mini a lungu. Cinikin da na yi nawa ne, kada ki tambaya. Kuma na ɗebi tsamin, ashe yana son tafiya."

 Tana bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Baɗi ki miƙo ta bango tun da rana. Yalla, sai da safe."

Baɗi. Na dubi Baban Sauda, shi da ya ce sau ɗaya ne a rayuwarsa. Bai dube ni ba, yana nan rungume da tukunya. Sai da na ce za ka ajiye ko a kanka zan kwaɓa, sannan ya sauke ta a hankali kusa da ganga.

Na buɗe. Tsamin yana da rai, yana kumfa har baki. Ta cika masa ruwa da yawa, gobe zan gaya mata.